Shin gwamnati ta shirya wa ranar da za a kai hari? Amsa ga wani malamin makarantar kwana

Tambayar ta zo ne daga wani malami da ke koyarwa a makarantar kwana ta 'yan mata. Ya ce duk lokacin da aka kai hari sai ya ji a rediyo ana cewa jami'an tsaro sun shawo kan lamarin, gwamnati kuma a shirye take. Shi kuwa da ɗaruruwan yara yake kwana a bayan katangar da wani ɓangarenta ya zube. Yana so ya sani: da gaske an shirya? Kuma ta yaya mutum irinsa zai gane?

Malam, Allah ya saka maka da alheri, ya kuma tsare maka yaran nan. Na yi shekaru a sashen gaggawa na asibiti, daga baya na zauna a kwamitin da ke tsara agaji idan wata masifa ta auku. Saboda haka amsar da za ka ji daga gare ni ta wanda ake kawo wa masu rauni ce. Ga abin da na gani: a takarda an shirya, kuma an fi shekarun baya nesa ba kusa ba. Amma sa'ar farko bayan hari, wadda a cikinta ne, bayan ikon Allah, ake ceto mutum ko a rasa shi, har yau ba mu shirya mata ba.

Bari in fara ba gwamnati haƙƙinta. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, tana nan tun 1999, jihohi ma suna da nasu. An yi dokar yaƙi da ta'addanci a 2011, aka gyara ta a 2013, aka sake sabuwa a 2022, wadda ta kafa cibiyar yaƙi da ta'addanci ta ƙasa a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Dokar lafiya ta 2014 ta haramta wa asibiti korar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, ta kuma ware masa wani kaso daga asusun lafiya. Dokar 2017 ta ce a yi wa wanda aka harba magani nan take, ba sai ya kawo takardar 'yan sanda ba. Akwai lambar kiran gaggawa ta 112. Duk wanda ya yi aiki a asibiti a lokacin da ake mayar da mai harbin bindiga a ƙofa saboda tsoron a kama likita ya san cewa waɗannan dokoki ba ƙaramin abu ba ne. Tashin bama-bamai a manyan birane ma ya ragu ƙwarai in aka kwatanta da tsakanin 2011 da 2015, kuma wannan da jinin sojoji da 'yan sanda da 'yan kato-da-gora aka saye shi.

Sai dai doka ba ta ɗaukar mai rauni zuwa asibiti. Zan ba ka labarin ranar da na gane haka.

Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, wajen ƙarfe biyar na yamma, aka kai hare-hare wurare da dama a Kano kusan a lokaci guda: hedikwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya, ofishin fasfo da ke Farm Centre, ofishin jami'an tsaro na farin kaya, hedikwatar 'yan sandan jiha da ke Bompai, da wasu ofisoshin 'yan sanda. Alƙaluman da 'yan sanda suka bayar daga baya sun ce mutum 185 ne suka rasu. Ina bakin aiki a wani asibiti a ranar. Waɗanda suka fara isowa su ne masu ƙananan raunuka, waɗanda ƙafarsu ta kawo su ko suka samu ɗan acaɓa. Gilashi ya yanke wannan, kunnen wancan ya toshe, kowa na ihu, 'yan uwa sun cika ɗaki. Muka ba su gadaje, muka hau ɗinki. Can bayan kusan rabin sa'a sai ga masu munanan raunuka a bayan akori-kura da kujerun motocin gida, ba gado, ba wanda hannunsa ke sake. Wannan kuskure sananne ne a aikinmu, kowane littafi ya yi gargaɗi a kai: mai ƙaramin ciwo shi ke riga zuwa, wanda ya fi ihu kuma galibi ba shi ne ya fi kusa da mutuwa ba. Maganinsa ma ba ya cin kuɗi. Mutum ɗaya ne zai tsaya a ƙofa yana tantancewa, ja ga wanda ba zai iya jira ba, rawaya ga mai iya jiran sa'a guda, kore ga mai tafiya da ƙafarsa. Mun san wannan a aji. Ba mu taɓa gwada shi tare da mai gadi da masinja da nas ɗin dare ba, shi ya sa da ranar ta zo ba wanda ya tuna.

Layukan waya suka cushe. Aka sa dokar hana fita. Likitocin tiyata da masu sa barci da muke nema suna gida, wasu sun fito an mayar da su a shingen bincike, domin ba wanda ya taɓa zama da jami'an tsaro ya tsara yadda ma'aikacin asibiti zai wuce a irin wannan dare. Ban ga laifin yaron da ke kan shinge ba, shi ma abokan aikinsa aka kashe sa'a biyu da suka wuce. Jini ya ƙare kafin isha'i. Mutane sun zo ba da nasu, Allah ya saka musu, amma ledar ɗibar jini da kayan gwaji ba su isa ba.

Mutum biyu ba na mantawa da su. Dukansu matasa, dukansu a cinya harsashi ya same su. Na farko an kawo shi wandonsa ya jiƙe sharkaf, ba wanda ya ɗaure masa komai, ya cika muna neman jijiyar da za mu sa masa ruwa. Na biyu kuwa wani bawan Allah da ban taɓa sani ba ya ɗaure masa ɗankwali a saman raunin, ya cusa guntun itace ya murɗa har jinin ya tsaya. Da ƙafarsa ya bar asibiti. Idan babbar jijiya ta tsinke, minti biyar na iya isa jinin mutum ya ƙare. Da wuya motar asibiti ta iso cikin minti biyar, ko a Landan ne. Don haka duk gwamnatin da ke maganar shiri, amma ɗan sandan sintiri da direban A Daidaita Sahu da malamin makaranta ba su san yadda ake tsai da jini ba, ta bar ƙofar farko a buɗe.

Washegari da jibi iyaye suka riƙa yawo daga asibiti zuwa asibiti, daga nan zuwa mutuware, suna ɗaga mayafi suna duba fuska, domin babu wuri guda da aka tara sunaye. Wannan ma yana cikin shiri: littafi ɗaya, lambar waya ɗaya, mutum ɗaya da aikinsa ke nan.

Yanzu in zo kan abin da a ganina ya fi kowanne girma, wato wa ke ba da umarni. Idan hari ya faru soja zai zo, ɗan sanda zai zo, sibil difens, 'yan kwana-kwana, jami'an kiyaye haɗurra, NEMA da ta jiha, Red Cross, kowa da shugabansa, kowa da oba-obarsa, kuma oba-obar wannan ba ta jin ta wancan. Gwamna ana kiransa babban jami'in tsaron jiha, amma kwamishinan 'yan sanda daga Abuja yake karɓar umarni, kwamandan soja ma haka. Ka tuna Dapchi. Ranar 19 ga Fabrairun 2018 aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantarsu. Bayan abin ya faru gwamnan Yobe na lokacin, Ibrahim Gaidam, ya ce an janye sojoji daga garin kafin harin. Soja suka ce sun miƙa tsaron garin ga 'yan sanda. 'Yan sanda suka ce ba wanda ya miƙa musu komai. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, sakamakon ɗaya ne: gari ya kwana ba mai shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan tsakanin hukumomi ita maharan suka fi iya nema.

Ina yawan kawo misalin Kenya, saboda ƙasa ce irin tamu, ba mai kuɗin Turai ba. A Satumban 2013 'yan bindiga huɗu kacal na Al-Shabaab suka shiga cibiyar kasuwanci ta Westgate a Nairobi. Rundunar 'yan sanda ta musamman ta shiga, ta fara takura su a lungu guda. Sai soja suka iso ba tare da an daidaita tsakani ba, aka yi harbin juna, aka kashe jami'in 'yan sanda, aka ja da baya, maharan suka samu sararin numfashi. Abin da ake ganin zai ƙare a yammacin ranar ya kai kwana huɗu, mutum 67 suka mutu. A Afrilun 2015 aka kai hari jami'ar Garissa, ƙwararrun da za su iya murƙushe maharan suna Nairobi, suka shafe sa'o'i kafin su iso, aka kashe mutum 148, yawancinsu ɗalibai. Amma a Janairun 2019, da aka kai hari otal ɗin DusitD2, jami'ai sun iso da wuri, umarni yana hannu ɗaya, motocin asibiti suna jere a waje, aka fitar da mutum sama da 700, aka gama kafin kwana ya zagayo. Mutum 21 sun rasu, kuma rai ɗaya ma ba kaɗan ba ne, amma duk wanda ya san aikin ya ga bambanci. Ba wani sabon makami suka saya ba. Sun ji kunya, suka zauna suka raba aiki, suka yi ta atisaye tare.

Mu a nan, abin da ya fi ci mini rai shi ne sau da yawa labari yana zuwa kafin hari. Ƙungiyar Amnesty International ta ce sojoji sun samu gargaɗi sama da sa'a huɗu kafin a shiga Chibok a daren 14 ga Afrilun 2014, inda aka sace 'yan mata 276. Rundunar soja ta musanta. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna an taɓa dasa wa layinsa bam a Oktoban 2021. Kwana biyu kafin babban harin an kai farmaki filin jirgin saman Kaduna. Duk da haka ranar 28 ga Maris na 2022 jirgin dare ya taso, aka tare shi, aka kashe mutane, aka tafi da sama da 60, na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai Oktoba. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, da bakinsa ya ce ya nemi a amince da kuɗin na'urorin sa ido a kan layin ba a amince ba. Wata uku da 'yan kwanaki bayan haka, ranar 5 ga Yuli, aka fasa gidan yarin Kuje a gefen fadar mulkin ƙasa, fursunoni sama da 800 suka fita, Shugaba Buhari ya je wurin ya ce bai ji daɗin yadda tsarin tattara bayanan sirri ya gaza ba. Hausawa sun ce in kunne ya ji jiki ya tsira. A wajenmu kunne yana ji, amma tsakaninsa da ƙafa akwai tebur goma. Mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa DPO, DPO ya rubuta wa na sama, na sama ya jira sa hannu, motar sintiri kuma ba mai. Shiri na gaskiya shi ne a gajarta wannan hanya, a ba na ƙasa ikon motsawa da abin motsawar, a kuma tambaye shi in bai motsa ba.

Kada a ce mana kuɗi ne babu. A 2010 aka ba kamfanin ZTE kwangilar dala miliyan 470 don kafa kyamarorin tsaro da hanyar sadarwar 'yan sanda, akasari a Abuja da Legas, da bashin ƙasar Sin. Da bam ya tashi a tashar motar Nyanya da ke Abuja a Afrilun 2014 ya kashe mutum sama da 70, jama'a suka yi ta tambayar ina kyamarorin. Mun fi son sayen abin da za a yanke masa kyalle a ɗauki hoto. Man janareta na ma'ajiyar jini, batirin oba-oba, albashin direban motar asibiti na dare, tayar motar kwana-kwana, waɗannan ba a bikin buɗe su, shi ya sa su ake fara yankewa a kasafi. Jini ba ya wuce kimanin mako biyar a firji, kuma sai firjin bai ɗauke ba. Abin da ake sabuntawa kullum ne, ba a saye shi sau ɗaya a huta.

Atisaye ma akwai na gaske akwai na gani. An taɓa gayyatata wani da aka shirya a wani gari. Tun mako guda kowa ya san ranar da sa'ar. Motocin asibiti sun yi layi a bayan gini tun da safe, an shafa wa 'yan makaranta jan fenti, manyan baƙi suna ƙarƙashin rumfa. Aka busa usur, cikin minti bakwai an kwashe kowa, aka tafa. Na tambayi direban ɗaya daga cikin motocin inda yake kwana, ya ce a unguwarsu, makullin motar kuma yana wajen wani jami'i da ke tashi ƙarfe huɗu. Na buɗe bayan motar, tukunyar oksijin ba komai a ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, domin na san wata rana za a dogara da motar nan. Atisayen da ke da amfani shi ne wanda ba a sanar ba, ƙarfe biyun dare, a ranar hutu, a ɗauka cewa sabis ya ɗauke, sannan a rubuta duk inda aka gaza ba tare da an kori wanda ya faɗi gaskiya ba. A Faransa, da safiyar ranar 13 ga Nuwamban 2015, ma'aikatan agajin gaggawa na Paris sun yi atisayen harbe-harbe a wurare da yawa, da daddare kuma abin ya faru da gaske. Mutum 130 sun mutu, amma asibitoci sun san abin yi, kuma ɗaruruwan da aka kai musu mafi yawansu sun rayu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma darasin da Borno ta koya mana da tsada: hari na biyu. A Gwoza, ranar 29 ga Yunin 2024, an tayar da bam a wajen biki, sannan aka sake tayar da wani a wajen jana'izar waɗanda suka rasu. Al'adarmu ce mu ruga inda abu ya faru, kuma zuciyar kirki ce ke kai mu, amma maharan sun san da haka. Killace wuri, da hana taro, da tsaron ƙofar asibiti da maƙabarta duk aikin hukuma ne da ya kamata a ce an tsara tun kafin ranar. Masu munanan raunuka daga Gwoza sai Maiduguri aka kai su, tafiyar sama da kilomita 100. Ka auna wannan da minti biyar ɗin da na gaya maka. Matuƙar babban asibitin ƙaramar hukuma ba shi da mai iya buɗe ciki ya tsai da jini, da wuta, da jinin ƙari, to ƙwararrun babban birni gawa za a riƙa kai musu.

Bayan an binne mamata kuma sai a kafa kwamiti, da wuya ka ga an buga rahotonsa kowa ya karanta. A Ingila, bayan harin Manchester na 2017 da ya kashe mutum 22, an yi bincike a bainar jama'a, aka fito da cewa motocin kwana-kwana sun yi sama da sa'a biyu ba su iso ba, kuma ɗaya daga cikin mamatan, wanda jini ya zuba daga ƙafarsa, da alama da ya rayu in da an kai masa ɗauki a kan lokaci. Shugabannin hukumomin suka fito suka nemi gafarar iyalai. Ba don sun fi mu tsoron Allah ba ne, tsari ne ya tilasta musu. Rahoton da aka kulle a durowa ba ya koya wa DPO na gari na gaba komai, sai mu yi ta ihu bayan hari.

To Malam, ta yaya kai za ka gane? Kada ka auna da jawabin rediyo. Je ka wajen DPO tare da shugaban makaranta da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, cikin mutunci, ku tambaye shi: in muka kira ƙarfe biyun dare wa zai ɗauka, mutum nawa ne ke kwana a ofis, motar tana da mai, minti nawa za ta yi kafin ta iso? Ku tambayi sansanin soja mafi kusa ko sun san da ku, kuma in za a janye su wa za a sanar. Ka kira 112 daga harabar makarantar ka ji ko tana shiga. Ka leƙa babban asibitinku da daddare ka ga wa ke nan. Amsoshin da za ka samu su ne ainihin shirin gwamnati a garinku. Akwai shirin ƙasa na samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, na naira biliyan 144.8, akwai kuma cibiyar kula da tsaron makarantu a ƙarƙashin sibil difens. Haƙƙinku ne ku tambayi abin da ya iso gare ku. Maganar katangar nan ku rubuta ta a takarda, ku kai ma'aikatar ilimi da ofishin shugaban ƙaramar hukuma, a buga muku hatimi a kwafinku ku adana, ku kuma sa sarkin gari a ciki. In aka samu sahihin labarin barazana kuma ba a kawo tsaro ba, a ganina sallamar yara gida na 'yan kwanaki ya fi, ko da za a ce kun yi gaggawa.

Akwai abin da ke hannunku tun yau, ba don nauyin ya sauka daga kan gwamnati ba. Ku riƙa kiran suna kowane dare, rajista ɗaya a makaranta, kwafinta a wajen wani amintacce cikin gari. A Kuriga ta jihar Kaduna, a Maris na 2024, an fara cewa yara 287 aka sace, daga baya gwamnati ta ce 137 ne. Wanda bai san adadin da ya ɓata ba ba zai san ko ya gama nema ba. Ku ware ƙararrawa ko usur da sautinsa ya bambanta da na cin abinci, kowace yarinya ta san inda za ta nufa in ta ji shi da inda za a taru daga baya, ku gwada da rana sannan ku gwada da dare, da lallashi, kada a firgita ƙanana. Ku haɗa kai da 'yan banga da mafarauta da masu gonakin da ke kewaye, su ne ke fara ganin baƙin babura. Sannan ka nemi wani nas ko ɗan Red Cross ya zo ranar Asabar ya koya wa malamai da masu gadi da masu dafa abinci da manyan ɗalibai tsai da jini: a danna raunin da ƙarfi da kyalle, in hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa a ɗaura kyalle mai faɗi kamar ɗankwali ko rawani, ba igiya ko waya ba, kimanin yatsu uku a saman raunin, ba a kan gwiwa ba, a murɗa da itace har ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaura a jikin mutumin, kada kuma a kwance sai a hannun likita.